Shekarata 47, shin lokacin komawa aji bai wuce mini ba?

Ɗan Kasuwar Hatsi:

Assalamu alaikum. Ƙanena ne yake rubuta mini wannan tambaya, ni kuma ina faɗa masa abin da zai rubuta, kuma wannan ɗin ma yana cikin abin da ya kawo ni. Na fi shekara 20 ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau, daga gero da masara har riɗi da waken suya. Na yi karatun allo na sauke, ina karanta ajami ba tare da wahala ba, amma boko aji biyu kawai na yi aka cire ni. Lissafin buhu da tiya da ka nake yin sa, kuma ba kasafai nake kuskure ba.

Matsalar ita ce ciniki ya koma cikin waya. A kakar bara wani mai saye ya ce ya tura mini kuɗin buhu 12 na riɗi, wayata kuwa ta yi ƙara a gabansa. Yaron shagona ba ya nan, kunya kuma ta hana ni miƙa wa maƙwabcina wayar ya duba mini, na bari aka loda kaya. Sai da dare 'yata mai shekara 13 ta karanta saƙon, ta ce, "Baba, wannan ba daga banki yake ba." Asarar ta yi ciwo, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yarinyar ta sunkuyar da kai, tana jin nauyin ta gaya wa ubanta an cuce shi.

Tambayata ga masana ita ce, shin akwai makarantar da za ta karɓi irina, kuma ƙwaƙwalwar mai shekaruna za ta iya riƙe sabon karatu? Yaya kuma mutum yake haɗa aji da kasuwa da iyali?

Malamin Ajin Dare:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Na daɗe ina koyar da manya, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne ba daga tushe za ka fara ba. Wanda ya iya ajami ya riga ya san cewa alama a kan takarda tana ɗauke da sauti, kuma ana haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, wannan kuwa shi ne tudun da ya fi wahalar hawa ga wanda bai taɓa karatu ba. Abin da ya rage maka shi ne sabon baƙi da juya hannu daga hagu zuwa dama. Ɗalibaina da suka fito daga makarantar allo su ne suka fi saurin kama karatun Hausa a boko, lissafi kuma sau da yawa ni nake koyon gajeriyar hanya a wurin 'yan kasuwa, ni kuma in nuna musu yadda ake ajiye ta a takarda.

Makaranta kuwa akwai ta. Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983, sannan gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa a 1990. Karatun hawa hawa ne: matakin farko yana daidai da aji ɗaya zuwa uku na firamare, na biyu aji huɗu zuwa shida, daga nan mai buƙata ya wuce matakin sakandare. Ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku ka nemi jami'in ilimin manya ya nuna maka aji mafi kusa, amma ka ziyarci ajin da kanka kafin ka ba da suna, domin wani wurin malami yana zuwa kullum, wani wurin kuwa allon sanarwa ne kawai ya rage.

Abin da yake kayar da manya a ganina ba ƙwaƙwalwa ba ce, fashi ne. Mutum zai zo wata biyu da zafinsa, kaka ta kama, ya ɓace wata uku, sannan kunyar dawowa ta riƙe shi. Tunda kai ɗan hatsi ne, ka fara bayan hada-hadar kaka ta lafa, ka kuma fara da Hausa, Turanci ya biyo baya.

Uwar 'Ya'ya Shida:

Malam, ni ina da shekara 36 na shiga ajin matan aure, bayan maigidana ya amince. Ranar farko fensir ya ƙi zama a hannuna, na danna shi har ya huda takardar, ga kuma malamar ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Na koma gida na ce ba zan sake zuwa ba, surukata ce ta ce in koma, gemu ba ya hana ilimi balle ɗankwali. Sau biyu ina dainawa saboda haihuwa, sau biyu ina komawa. Abu na farko da na karanta da kaina a wajen aji shi ne ranar komawa rigakafi a jikin katin asibitin autana, na tsaya a bakin layi ina maimaita ta kamar wani zai ƙwace mini. Yanzu ina shirin jarrabawar NECO ta masu zaman kansu.

Kullum nakan tuna cewa Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa naɗa jajis, wato mata jagororin karatu, ta ba su malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru, cikinsu har da tsofaffi. Shawarata gare ka, Alhaji, ita ce kada ka ɓoye wa 'yarka, ka sa ta riƙa jin karatunka bayan isha'i, domin nauyin da ta ji a daren nan zai koma alfahari.

Tsohon Ma'aikaci:

Na yarda da Malam a kusan komai, amma na saɓa masa a batun jinkirta Turanci. Saƙon banki da Turanci yake zuwa, kuma ba zai jira Alhaji ya gama matakin farko ba. Kalmomin da ke cikinsa kaɗan ne, kuma su ne dai kullum: wadda ke nuna kuɗi sun shiga, wadda ke nuna sun fita, da wadda ke nuna abin da ya rage. A rubuta masa su a kwali tun makon farko, a koya masa duba ragowar kuɗinsa da kansa ta lambar bankinsa da ake dannawa a waya maimakon dogaro da ƙarar waya, Hausar kuma ta ci gaba a aji.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana damuna. Sunan yaƙi da jahilci ya samo asali ne daga gangamin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950, lokacin da hukumar NORLA a Zariya take buga ƙananan littattafai domin waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa. Aikin ya yi amfani ƙwarai, iyayenmu da yawa ta nan suka iya karanta jarida. Amma sunan ya sa dattijon da ya sauke Alƙur'ani yana jin cewa shiga ajin tamkar amsa sunan jahili ne, kuma na tabbata wannan ya hana mutane da yawa zuwa. Alhaji ba jahili ba ne, rubutu na biyu yake nema. Cif Obasanjo ma bayan ya sauka daga mulki ya koma ɗalibi a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, har ya karɓi digirin digirgir a 2018.

Ɗan Kasuwar Hatsi:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ƙanena ya karanta mini amsoshinku sau biyu, kuma maganar Hajiya a kan 'yata ta shige ni, jiya da dare na gaya mata, ita ce ma ta rubuta mini kalmomin bankin a bayan kwalin sukari. Ranar Litinin in Allah ya yarda zan je sakatariya. Malam, saura tambaya ɗaya: mu uku ne a layinmu masu irin wannan matsala, idan muka haɗu muka sami ɗaki a kusa da kasuwa, ana iya turo mana malami bayan magariba, ko dole sai mun je inda ajin yake?