Neman kalmar Hausa: rimfire da suppressor, kafin ranar Alhamis

Hauwa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum malamaina. Jibi Alhamis da ƙarfe huɗu zan shiga ɗaukar shirinmu na kimiyya da ƙere-ƙere. Makon nan a kan wasan harbi ne, da yadda ƙarar bindiga ke cinye kunnen masu yinsa. Akwai wurin da ake bayanin yadda 'yan wasa a Amurka ke zaɓen ƙaramar bindiga mai harsashin .22 da za su ɗaura wa suppressor, wato abin rage ƙarar harbi. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya, rimfire da suppressor. Ita kuwa reliable da suke faɗa a kan bindigar, na sa "wadda ba ta cijewa", in da gyara a yi mini. Ba na so in zuba wa mai sauraro a Soba ko Maƙarfi Turanci zalla.

Sale Panteka:
Wa alaikumus salam Anti. Suppressor ai salansa ce. Ko yaron da ya fara koyon gyaran babur jiya ya san ta. Ta babur da ta bindiga aikinsu ɗaya ne, iska mai zafi ta fito da ƙarfi, a bi da ita ɗaki-ɗaki cikin bututu har ta huce kafin ta fita.

Baba Sajan, Kawo:
'Yata, "ba ta cijewa" daidai ne, haka muke faɗa. Shi kuwa rimfire sai kin fahimce shi kafin ki raɗa masa suna. Kowane harsashi yana da ɗan sinadarin da ke kama wuta in an doke shi, shi ke kunna albarushin. A harsashin soja yana tsakiyar gindin kwanso, cikin ɗan ƙarfe kamar maɓalli. A rimfire kuwa an zuba shi cikin leɓen kwanson ne, zagaye, sai allurar bindiga ta daki gefe ta lotsa shi. Saboda haka kwansonsa siriri ne, ba ya ɗaukar ƙarfi da yawa. Kuma wani lokaci sinadarin bai game leɓen duka ba, sai a ja kunama ya ƙi tashi. Dalilin da ya sa masu wasan ke ta maganar wadda ba ta cijewa ke nan. Mu dai "tu-tu" muke ce masa.

Hauwa, Unguwar Rimi:
Na gode Baba. To in ce "harsashin tu-tu" kawai?

Injiniya Bashir, Kakuri:
A'a Hajiya, za ki yi kuskure. Tu-tu, wato .22, faɗin harsashi ne, wajen milimita 5.6, ba yadda ake kunna shi ba. Harsashin soja na 5.56 kusan faɗinsu ɗaya, amma ta tsakiya yake kamawa. Kuma akwai harsashin .17 HMR da kamfanin Hornady ya fitar a 2002, rimfire ne amma ba tu-tu ba. Ni zan ce "harsashi mai kamawa ta leɓe", ɗayan kuma "mai kamawa ta tsakiya".

Malam Tukur, Samaru:
Kafin a yi nisa, ban yarda da salansa ba, kuma ina roƙon kada a furta ta a rediyo. Na farko, ba Hausa ba ce, silencer ce aka lanƙwasa. Na biyu, ko a Turancin ƙarya kalmar take yi, domin abin ba ya sa bindiga shiru. Shi ya sa masana harkar suka koma cewa suppressor, wato mai dannewa. Harshenmu yana da hanyar gina irin wannan suna daga aikatau da karɓau, kamar rufa-ido da kashe-wando. Na daɗe da ƙirƙiro shanye-amo. Ku saurare ta: abu ne da ke shanye amon, kamar yadda ƙasa ke shanye ruwa. Ita ma rimfire ina da tata, ƙyasta-leɓe, daga ƙyastun da kakanninmu ke kunna wuta da shi.

Sale Panteka:
Allah ya gafarta Malam, in na je wajen mai kayan gyara na ce a ba ni shanye-amo, wallahi sai ya ce in sake faɗa.

Malam Tukur, Samaru:
Haka kowace sabuwar kalma take a ranar farko. Wa ya san na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin gidajen rediyo su riƙa maimaita ta?

Zainab, Malali:
Amma Malam ai kwamfuta ce ta yi nasara a bakin jama'a. Kuma shanye-amo ita ma tana da matsalar da ka zargi salansa da ita. Abin da aka shanye ai ya ƙare ƙaf. Mai sauraro zai ɗauka shiru ake ji.

Malam Tukur, Samaru:
Ƙasa tana shanye ruwa ta bar laima. Shanyewa mataki-mataki ce.

Injiniya Bashir, Kakuri:
Bari in sa lissafi a maganar, don Hajiya ta san abin da kalmar za ta ɗauka. Suppressor yana rage wajen desibel 20 zuwa 35 ne kawai, desibel kuwa ma'aunin ƙarfin sauti ne. Ƙarar da ta kai 140 tana iya lalata kunne nan take, kuma ƙaramar bindigar tu-tu ba tare da komai ba ta wuce wannan. In an ɗaura shi sai ta sauko ƙasa da haka, amma ana ji sarai. Abin da ake nunawa a finafinai, ɗan "fit" kamar an hura ashana, ba haka yake ba ga yawancin bindigogi. Tu-tu ta fi dacewa da shi ne domin albarushinta kaɗan ne, sannan daga gajeren bututu harsashinta na yau da kullum ba ya kai gudun sauti, wato wajen mita 343 a daƙiƙa. In ya wuce wannan gudun sai ya yi tsawa irin ta bulala a iska, kuma babu abin da za a ɗaura a bakin bindiga ya hana wannan.

Game da zaɓen kuwa, abin da suke dubawa shi ne bututun da ba ya motsi lokacin harbi, irin na bindigogin Ruger Mark IV da Browning Buck Mark, domin nauyin abin da aka ɗaura ba zai dagula aikinta ba. Sai bakin da ake murɗa abin a kai kamar yadda ake murɗa noti. Sai sauƙin wankewa, kuma wannan ne babba. Harsashin tu-tu ƙazami ne, ga dalma ga kakin da ake shafa masa ga toka, sai abin ya riƙa mayar da dattin ciki. Mark IV da ta fito a 2016 ta yi suna ne saboda maɓalli ɗaya ake dannawa ta buɗe.

Baba Sajan, Kawo:
'Yata, ko wace kalma kika ɗauka, ki faɗa a shirin cewa wannan labarin wata ƙasa ne. A nan dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattu, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Da halin da muke ciki a jihar nan, kada wani yaro ya ji ya ɗauka abin sha'awa ake tallata masa.

Hauwa, Unguwar Rimi:
Yana cikin buɗewar shirin Baba, kuma zan maimaita a ƙarshe.

Malam Tukur, Samaru:
Ga shi nan, fistol da libarba. Kowace rana muna ƙara cusa wa harshen baƙi, har ya zama jikokinmu ba za su gane mu ba. Mu da muka yi shekaru muna nazarin ginin kalma a ce ba mu da ta cewa, sai abin da aka tsinto a gareji?

Sale Panteka:
Malam wannan maganar ta yi mini zafi. Mu ma Hausar muka sha a nono. A garejin da kake rainawa aka haifi kalmomin da ɗalibanka ke rubuta kundi a kansu.

Zainab, Malali:
Kuma Malam, ita kanta bindiga daga Larabci take. Harsashi da albarushi ma haka. Me ya sa aron Larabci ya zama Hausa, na Turanci kuma ya zama datti?

Malam Tukur, Samaru:
Waɗancan sun shekara ɗaruruwa suna narkewa. Kuma dubi kunama. Bahaushe ya kalli abin da ake ja da yatsa, ya ga ya lanƙwashe kamar wutsiyar kunama kuma yana harbi, ya ba shi suna daga gidansa. Dubi mai jigida, dubi harba-ka-ruga. Wannan basirar nake so mu riƙe. Sale, ban yi nufin raini ba, ka yi haƙuri.

Sale Panteka:
Ya wuce Malam.

Alhaji Lawal, Tudun Wada:
Kun tafi Kano kun bar Hauwa a tasha. Abu ɗaya zan ƙara. Wanda ya yi rajistar ƙirƙirar salansar bindiga a Amurka a 1909, Hiram Percy Maxim, da kansa ya sa mata suna Maxim Silencer, kuma kamfaninsa ya ƙera irinta ta injuna. To Sale bai yi kuskure ba, salansar bindiga da ta inji gida ɗaya suka fito. Dokar Amurka ta 1934, wadda ta ɗora harajin dala 200 a kanta, ita ma silencer ta rubuta. Mahaifin Hiram Percy kuwa shi ne Hiram Maxim mai bindigar da Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Ki saka wannan a shirin, mutanenmu za su tsaya su saurara.

Hauwa, Unguwar Rimi:
Alhaji wannan kam ya shiga, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta, lokaci ya ƙure: "salansar bindiga, wato bututun rage ƙara, wanda ba ya kashe ƙarar sai dai ya sassauta ta." Daga nan sai in ci gaba da salansa. Rimfire kuma na ɗauki ta Injiniya, "harsashi mai kamawa ta leɓe". Malam, ƙyasta-leɓe ta yi mini daɗi a baki, har na gwada ta sau uku, amma yaran ofishinmu biyu da na tambaya ba su san ƙyastu ba.

Malam Tukur, Samaru:
Dalilin da ya sa ya kamata su ji ta a rediyo ke nan. "Bututun rage ƙara" na yarda da ita, ko da yake jimla ce ba suna ba. Salansa kuwa ban sa hannu ba. Ko sau ɗaya ne ki ambaci ƙyasta-leɓe, ki ce wasu malamai haka suke kiransa.

Hauwa, Unguwar Rimi:
Zan ce "wani malami ya ba da shawara", don kada in ƙara gishiri. In minti ya ishe ni zan saka.

Baba Sajan, Kawo:
Leɓe ko gefe? Leɓe ai na baki ne, shi kuma abin a gindin kwanso yake. Wani zai ɗauka wajen da dalmar take ake nufi.

Injiniya Bashir, Kakuri:
Baba yana da gaskiya a nan. To "mai kamawa ta gefen gindi"?

Hauwa, Unguwar Rimi:
Wannan ba za ta karantu a rediyo ba Injiniya. Na mayar da shi "ta gefe". Na tura wa mai tace shiri.