Yaron shagona ya cinye kuɗin ciniki: sata ce ko bashi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na aiki yaron shagona ya kai buhunan shinkafa, ya karɓo naira dubu 400, bai kawo ba. Ya ce zai biya a hankali. Wasu sun ce sata ce, wasu sun ce bashi ne. Wace ƙara zan shigar?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Alhaji. Doka na duba yadda kuɗin ya shiga hannunsa ne. Da ya buɗe durowa ya ɗauka ba da izininka ba, sata ce, kuma satar ma'aikaci, sashe na 289 na Pinal Kod (kundin dokokin laifuka na Arewa), ɗauri har shekara 7. Amma kai ka damƙa masa, don haka cin amana ne. Sashe na 312 ya tanadi har shekara 7, in kuwa ma'aikacinka ne ko akawu, kamar yaron shago, sashe na 314 ya kai shi shekara 10 tare da biyan tara. Damfara daban ce: sai an nuna tun farko da ƙarya ya karɓa. Lambobin nan na kundin 1959 ne. Kaduna ta sake nata a 2017, a duba na jiharka.

Amsa ta 2: A kula da tarko ɗaya. In ya tabbatar bashi ka ba shi kayan don ya sayar ya biya, magana ta fita daga laifi ta koma shari'ar bashi, kuma sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan haka. Nan ƙararraki da yawa ke mutuwa. Kada a rubuta yarjejeniya da kalmar "bashi". Ka tanadi littafin ciniki, rasit, alat ɗin banki, da shaidar wanda ya biya shi. Sannan caji ofis, ko ƙara kai tsaye a kotun majistare. Ka roƙi diyya a sashe na 78 na Pinal Kod, don ɗauri kaɗai ba ya maido kuɗi.

Amsa ta 3: In kotun shari'ar Musulunci za ka je, laifuka uku ne: haddi, ƙisasi, ta'aziri (hukuncin da alƙali ya ga ya dace). Wannan ba ya kai haddin sata, tunda ba a ɓoye aka ciro shi daga ma'ajiya ba. Ha'inci ne, ta'aziri alƙali zai yi, ya kuma sa a biya ka.

Mai tambaya: Na gode. Rasit na hannuna, gobe zan nemo wanda ya sayi shinkafar.