Magani ɗaya na fesa, me ya sa gonar ta rabu biyu?

Manomin Giwa:
Assalamu alaikum. Masana ƙasa, ku taimaka mini, abin ya tsaya mini a rai. Bana na fesa maganin ciyawa atrazine a masarata kwana biyu bayan shuka, famfo ɗaya, ma'auni ɗaya. Gefen gabas jigawa ce, yashi zalla. Gefen yamma kuwa nan shanu suka kwana rani uku a jere, ƙasar baƙa ce, in ka dunƙula ta tana kama hannu. A jigawar ciyawa ta mutu tas, a makwancin shanun ta fito kamar ban fesa komai ba. Da na soka wake tsakanin masarar a watan Agusta, na jigawar ya tsiro lafiya, sai bakin ganyen ya yi ɗorawa, ya bushe, ya ƙone. Na yamma yana nan shar. Jabu aka sayar mini?

Malamar Gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Da jabu ne ai ba zai kashe maka wake ba. Ruɓaɓɓen taki da ganyen da suka narke a ƙasa suna kama irin wannan magani, kamar yadda gawayi ke tsotse wari. Shi kuwa atrazine ta saiwa yake shiga, sai yana narke a cikin danshin ƙasa ciyawa ke shan sa. A makwancin shanu takin ya riƙe kaso mai yawa, ga ƙananan halittun ƙasa masu cinye shi da yawa a wurin. Yashi ba shi da abin riƙewa, sai maganin ya zauna a sake. Yakan ɗauki wajen wata biyu kafin rabinsa ya lalace, don haka wakenka ya tarar da saura. Masara da dawa suna iya karya shi a jikinsu, wake da gyaɗa ba sa iyawa.

Baba na Fadama:
'Yata ta faɗi gaskiya. Ni da paraquat, wani maganin ciyawar, na koyi nawa darasin. Yarana suka ɗebo ruwan kududdufi, jajawur da laka, suka haɗa. Kwana uku ciyawa na kallona. Ashe yumɓun da ke cikin ruwan ya damƙe maganin tun a cikin famfo. Glyphosate ma haka yake yi. Yanzu a jarka nake kai ruwan rijiya gona, komai nisa.

Manomin Giwa:
Allah ya saka da alheri. Amma Malama, kin tayar mini da hankali. Rijiyar da muke sha tana ƙasan jigawar nan, ba ta fi taku talatin ba, kuma gaba huɗu ce kawai zurfinta. A nan iyalina da maƙwabta ke ɗiba.

Malamar Gona:
Damuwarka tana kan hanya. Abin da ƙasa ba ta riƙe ba, ruwan sama ke gangarawa da shi, kuma can ƙasa inda babu rana babu taki ya fi daɗewa. Saboda samun sa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ne Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi. Ka daina fesa shi a gefen rijiyar, ka yi noman hannu a wurin, kada kuma a wanke famfo a bakinta. Baɗi ka kai wa jigawar taki, waken kuma ka ba shi filin da ba a fesa ba.

Manomin Giwa:
To, a bakin rijiyar muke wanke famfon tun bara. Yau ɗin nan zan hana.