Shawarwarin da aka bayar bayan rasuwar Baba tsohon soja

Bayan sadakar bakwai mun zauna a ƙofar gida ana ta shawarar yadda za a riƙa tunawa da Baba, shi da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da ya ajiye kaki ya buɗe gareji. Abin da aka fi nanatawa bashi ne, a bi masu sayar da kayan gyara a ji ko akwai saura, a biya kafin a taɓa gado. Kawu ya ce in magada sun yarda kar a sayar da sifanoninsa da jak, a bar wa yaran da ya koya wa kanikanci, duk notin da suka kwance ladan na isa gare shi, ni kam wannan ta fi kwanta min a rai. Gwaggo ta ce a je wurin abokansa 'yan mazan jiya a naɗi labarinsu a waya tun suna raye, don shi ba ya son zancen yaƙi, ranar 15 ga Janairu ma, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai dai ya goge lambobin yabonsa ya yi shiru. Takardun sallama da na fansho kuma a ɗau hotonsu, a ba Hajiya ta adana.