Dala 30 Kuɗin Tsaron Windows 10: Sata Ce Ko Ba Sata Ba?

Mai Kafe, Wunti: Salamu alaikum jama'a. Wallahi abin nan ya tsaya min a rai. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro, wai mai so ya biya dala 30, kuma na shekara ɗaya kacal. Ka gina gida ka sayar min, sannan ka dawo ka ce in biya kuɗin makulli? Injinan kafe ɗina babu wanda Windows 11 ke hawa kansa, wai ba su da wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Wannan sata ce da rana tsaka.

Mai Gyara, Yalwa: Wa'alaikumus salam. Alhaji, sata fa ka ce? Tsakaninka da Allah, Windows ɗin da ke kan injinan naka, saya ka yi?

Mai Kafe: Da shi suka zo daga gwanjo.

Mai Gyara: Haba Alhaji. Wasu ni na ɗora musu da filashina. Har yau rubutun nan na "Activate Windows" yana nan a kusurwar ƙasa ta dama, yara na cike fom ɗin JAMB a kansa.

Malama: Ni dai kalmar ce ba ta yi min ba. Sata a ɓoye ake yin ta. Waɗannan kuwa sun sanar tun da wuri. Sai dai ka ce ƙwace.

Mai Kafe: Malama, ƙwace ai ya fi sata muni.

Malama: Muni daban, hukunci daban. Ka je ka tambaya.

Ɗalibin ATBU: Yayyena ku yi haƙuri. Defender, maganin bairos na Microsoft, kyauta yake cikin Windows tun 2012, ba shi ake sayarwa ba. Kuɗin na toshe ɓarakar da ake ganowa a jikin Windows ɗin ne. Kuma wanda ya shiga da asusun Microsoft ya ajiye saitinsa a can, kyauta aka ba shi shekarar.

Ɗan Gombe: Mu a Jekadafari wa ya damu? Bairos ya shiga, a yi fomatin, a ci gaba da aiki. Ku mutanen Bauchi komai sai an yi shari'a.

Mai Gyara: Ji ɗan jiya. Ku da sai a 1996 aka yanko ku daga jikinmu.

Ɗan Gombe: Ka zo ka ga titunanmu tukuna.

Malama: Tunda ana maganar sata, ni wani mai gyara ya karɓi kuɗina wai ya sa min maganin bairos mai ƙarfi. Wata ɗaya ya fara nuna min jan rubutu, ashe na gwaji ne. Wannan me sunansa?

Mai Gyara: Hajiya, kuɗin aiki ne da man janareta. Kada a yi mana kuɗin goro.

Malama: Ni ban kira sunan kowa ba, amma ga shi an tsargu.

Ɗalibin ATBU: A 2017 da bairos ɗin WannaCry ya ɓarke, ai Microsoft sun saki gyara kyauta har ga Windows XP da suka daɗe da sallama.

Mai Kafe: To ka ji! Ashe in sun ga dama suna iyawa.

Ɗan Gombe: Alhaji, ka fara biyan Mai Gyara bashinsa.

Admin: To jama'a, ya isa, an kira isha'i. A taƙaice kowa ya yarda ba sata ba ce, laifin na mai riƙe tsohon inji ne shekara da shekaru. Batun masu gyara kuwa ba wurinsa ba ne nan, mutanen kirki ne, tare muke sana'a. Mai son kwamfuta da ke ɗaukar Windows 11 ya yi min magana ta gefe, sabbin kaya sun iso, akwai ragi ga 'yan zaure. Na rufe sharhi.