Ƙarfin inji ne ke murɗe shasin tsofaffin motocin gudu, ko hanya ce?

Mai walda daga Katako: Assalamu alaikum, iyayen gida da abokan aiki. An kawo mana wata tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, marar rufi, mai ita yana so a sauke ƙaramin injinta a ɗora mata babba mai silinda takwas. Na ce masa sai an ƙarfafa shasin tukuna, domin ƙarfin murɗawar babban inji yana iya karkatar da ƙashin mota har ƙofofi su daina zama daidai. Wani abokin aikinmu ya ce wannan zancen bakin garaji ne kawai, inji ba ya lanƙwasa shasi. Mene ne ra'ayinku?

Malamin koyar da kanikanci: Wa alaikumus salam. Abokin naku yana da hujja, kuma lissafi ne zai raba gardamar. Mu ɗauka injin yana ba da ƙarfin murɗawa na niyuton-mita 400. Giya ta farko tana ninka wannan kamar sau uku, sai ya zama 1,200 a kan farfela, wato sandar da ke kai juyin inji daga giya zuwa aksul ta baya. To amma idan tayoyin gaba suna ɗauke da kilo 600, tazarar da ke tsakaninsu kuma mita 1.4 ce, sai taya ɗaya ta hau tudu ta ɗauki dukan nauyin, ɗayar tana lilo, murɗawar da za ta shiga shasin ta haura 4,000. Ke nan kwazazzabo guda a lungunan Tallaje lokacin damina ya fi injin wahalar da motar nesa ba kusa ba.

Tsohon makanike daga Wadata: Malam, Allah ya ƙara ilimi, lissafinka daidai ne, sai dai masu ƙera motocin ba su tsaya a kansa ba. A 1962 Carroll Shelby ya ɗora injin Ford mai silinda takwas a kan motar AC Ace ta Ingila, aka sami Cobra. Da aka zo ɗora mata inji mai lita 7 a 1965, ba a bar tsohon shasin ba: manyan bututun da ke ɗauke da motar an mayar da kaurinsu inci 4 maimakon inci 3. Da a ce inji ba ya damun shasi, me zai sa su kashe kuɗi a kan haka?

Malamin koyar da kanikanci: Baba, ba na musa tarihin, amma a wannan sauyin ba inji kaɗai aka canza ba. Sabon injin ya fi nauyi, tayoyin sun fi faɗi, an kuma cire sifirin mai faranti aka sa na naɗi. Kowanne daga cikin waɗannan yana buƙatar shasi mai tauri, saboda haka ba za a ɗora wa ƙarfin murɗawa laifin duka ba.

Tsohon makanike daga Wadata: To bari in kawo abin da lissafin bai kama ba, ɗana. Nauyin da hanya ke jefa wa mota yana bi ta sifirin da roba, ya watsu a jikinta. Ƙarfin inji kuwa ta ƴan wurare kaɗan yake shiga, wato kujerun inji da inda aka ɗaure ƙwaryar aksul ta baya (akwatin da ke raba juyi ga tayoyin baya), kuma idan direba ya saki kuloci da ƙarfi, bugu ne yake sauka a kansu lokaci ɗaya, yau da gobe, har ƙarfen ya gaji. Shi ya sa aka san Triumph TR6 da tsagewar maɗaurin ƙwaryar baya, aka kuma san Ford Mustang ta 1979 zuwa 1993 da yagewar akwatunan ƙarfen da hannuwan aksul ke kamawa, har masu ita suka saba walda mata dogayen ƙarafa biyu a ƙasa don haɗa gaba da baya. Wanda ya taɓa kallon motar tsere mai aksul ɗin bai-ɗaya tana tashi ya ga yadda tayar gaba ta hagu ke ɗagawa, ta baya ta dama kuma tana sulɓi. Babu rami a wurin, aikin inji ne.

Dillalin motoci daga Bukoki: Ni a ganina kun bar jaki kuna dukan taiki. Yawancin tsofaffin motocin nan sun yi shekaru a Turai inda ake zuba gishiri a hanya lokacin sanyi, kafin su biyo ta Kwatano su iso Yamai. Tsatsa ta riga ta cinye dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, daga ciki, fenti ne kawai ya rufa asiri. A motar da ba ta da rufi kuwa, wannan dokin shi ne kusan dukan ƙarfinta, kamar kwalin sukari ne da aka cire wa murfi, hannu biyu ma suna murɗe shi.

Yaron garaji daga Yantala: Maigida, a gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Peugeot 504 da muka fi kwancewa, farfelarta a cikin bututu take, bututun kuma ya haɗe giya da ƙwaryar baya. Shin ba don wannan matsalar aka yi shi ba?

Malamin koyar da kanikanci: Madalla da wannan tambaya, ƙanena. Bututun yana riƙe murɗawar tsakanin giya da ƙwaryar, ba sai ta bi ta jikin mota ba, kuma Porsche ta yi amfani da irin wannan bututun a 924 da 928, inda yake haɗa inji da giyar da ke baya. A nan na yarda da Baba: a motar da ƙwaryarta ke ɗaure a shasi ba tare da irin wannan bututun ba, duk abin da farfela ta ɗauka shasin ne ke mayar da martaninsa. Inda ban sauka ba shi ne cewa inji yana barin lafiyayyen shasi a karkace dindindin. Yana murɗa shi ya sake, yana tsaga maɗauri, amma shasin da ya zauna a karkace, a nemi haɗari ko tsatsa a tarihinsa.

Mai walda daga Katako: Na gode, iyayen gida. Na sa jak a kusurwar gaba ta dama na ɗaga motar, ƙofar direba ta ƙi rufuwa sai da na sauke ta, kuma da na ƙwanƙwasa dokin ƙofar da guduma, tsatsa ce ta zubo. Zan fara da sauya dokin biyu, sannan in ninka faranti a kujerun inji da maɗaurin ƙwaryar baya. Baba, faranti mai kaurin milimita nawa kake ganin ya dace a wurin maɗaurin?