Neman kalma: me za mu kira "slow light" da Hausa?

Tafinta: Assalamu alaikum malamai. Ina neman kalmar da za ta zauna a gurbin "slow light", wato abin da masaniyar fiziks Lene Hau da abokan aikinta suka yi a Amurka a 1999, lokacin da suka rage gudun haske zuwa mita 17 a sakan cikin gajimaren atom na sodiyam mai tsananin sanyi. A sarari kuwa yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan. Na rubuta "haske mai nawa", amma bai kwanta mini ba.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Ai a rubuce sai a zaci tambayar kuɗi kake yi. Amma kafin a raɗa suna, a san abin da ya rage gudu. Dunƙulen haske taron igiyoyi ne masu tafiya tare, kuma gudun taron ne ya faɗi, shi ne "group velocity". Ni "gudun ayari" nake ce masa. Kowace igiya ita kaɗai gudunta bai wani canza ba.

Mai Leza: Malam ya yi daidai. Leza biyu ake haskawa, wato tsinin haske mai launi guda. Ta farko, mai ƙarfi, takan hana atom ɗin shanye ta biyu, wato dunƙulen da ake rage wa gudu, sai gajimaren da a da ba ya barin haske ya ratsa ya buɗe 'yar siririyar taga, wato 'yan launukan da ke iya wucewa. A cikin tagar, launuka masu kusanci ƙwarai da juna suna ɗan saɓawa a gudu, daga nan nawar ayarin take fitowa. Dunƙulen da tsawonsa ya kai mita 750 a waje, idan ya shiga da gudun mita 17, sai ya takure zuwa kamar milimita 0.04.

Inda ake samun matsala: in ka rage ƙarfin leza ta farko, gudu ya ƙara raguwa, amma taga ta ƙara tsukewa. Dunƙulen da ya cika gajarta launukansa sun fi faɗin tagar, sai a shanye gefe-gefensa. Ɓataccen maganaɗisu a kusa ma yakan dagula daidaiton atom ɗin.

Ɗalibar Kimiyya: To malamai, me zai hana "haske mai tafiyar hawainiya"?

Mai Leza: A kanun jarida ya yi, Malama. A aji kuwa hawainiya za ta sa ɗalibi ya zaci launi yake sauyawa, alhali hasken rawayan da ya shiga shi yake fita.

Malamin Fiziks: Ni dai "jinkirtaccen haske" na zaɓa, domin jinkirin ake aunawa: lokacin isowar dunƙulen da gajimare a hanya, a kwatanta da lokacin da babu shi. Kada kuma a cusa "sanyi" cikin sunan, tunda an yi irinsa a tururin sinadarin rubidiyam mai ɗumi.

Tafinta: Na gode, Allah ya ƙara sani. Na ɗauki "jinkirtaccen haske" da "gudun ayari". Saura na 2001, da suka kashe leza ta farko dunƙulen ya tsaya cak. "Tsayayyen haske" ke nan?

Mai Leza: A'a, "ajiyayyen haske". A lokacin babu haske a ciki, siffarsa ce ke ajiye a jikin atom, sai an sake kunna lezar ya fito.